Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga hukumomin ma'adinai da na kare muhalli: a ba ƙaramin injin yasar zinare ƙa'idar da za a iya aunawa

Zuwa ga shugabannin hukumomin da ke bayar da lasisin haƙar ma'adinai, da takwarorinsu masu kula da ruwa da muhalli, a duk ƙasar da ake wanke zinare daga yashin kogi.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne kan injin yasar zinare, wanda ake ɗorawa kan ganguna ko kwalekwale yana tsotso yashi da tsakuwa daga gindin ruwa. A ƙasashe da yawa, abu biyu kawai mai irin wannan injin yake gani daga hukuma. Ko dai a kawar da kai shekara da shekaru yana abin da ya ga dama, ko kuma wata safiya jami'an tsaro su dira su cinna wa kayansa wuta. An gwada duka biyun, an sake gwadawa, kogunan kuma suna nan jajir da laka. Roƙona shi ne ku ware wa ƙaramin injin yasa rukunin lasisinsa na kansa, mai sauƙin samu, mai ƙa'idojin da jami'i zai iya aunawa da hannunsa a bakin ruwa, sannan ku koya wa masu aikin dabarun da ba sa cin kuɗi kuma ba sa kashe kogi. Dabarun nan akwai su, sun daɗe, kuma yawancin kayansu mai walda zai iya haɗawa.

Ban raina ɓarnar da ta fusata gwamnatoci ba. A Gana, injunan da ake kira canfan sun dagula kogunan Pra da Ankobra da Birim, har gwamnati ta dakatar da ƙananan masu haƙa gaba ɗaya a 2017, ba ta ɗage ba sai a ƙarshen 2018. Amma a 2024 kamfanin ruwan ƙasar ya fito yana kukan cewa dagulewar ruwan da ke shiga matatarsa ta Sekyere Hemang ta kai 14,000 a ma'aunin da ake amfani da shi, alhali an gina matatar ne don abin da bai wuce 2,000 ba. A Barazil, ɗaruruwan injuna sun yi jerin gwano a kan kogin Madeira kusa da Autazes a Nuwamban 2021, 'yan sanda suka ƙona sama da ɗari, daga baya masu yasa suka sake ɓullowa a wasu sassan kogin. Peru ta haramta injin yasa a koguna tun 2012, duk da haka sai da ta kai farmakin sojoji da 'yan sanda a La Pampa ta yankin Madre de Dios a 2019. Mali ta hana yasa a kogunanta a 2019, Senegal kuma a 2024 ta dakatar da haƙa a tazarar mita 500 daga gaɓar kogin Faleme har zuwa tsakiyar 2027. Kowane ɗaya daga waɗannan matakai yana da hujjarsa. Abin da nake tambaya shi ne, bayan wuta ta mutu, me aka tanadar wa mutumin da ba shi da wata sana'a? Ana ƙiyasta cewa mutum miliyan 10 zuwa 20 ne ke haƙar zinare da ƙananan kayan aiki a duniya, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na zinaren da ake fitarwa duk shekara daga hannunsu yake zuwa. Jama'a mai yawan haka ba ta ɓacewa don an sa hannu a takarda. Tana matsawa ne gaba, zuwa inda ido ba ya kaiwa, ta riƙa aiki da dare cikin gaggawa, wanda kuwa yake aiki yana waige ba zai tsaya cike rami ba.

Zinaren kogi yana da wata falala da ya kamata dokokinku su ginu a kanta. Ruwa da zamani sun riga sun fasa dutsen da yake ciki, sun 'yanta shi. Ba ya buƙatar niƙa, ba ya buƙatar sinadarin da zai narkar da shi. Nauyinsa kaɗai ya isa ya raba shi da sauran: zinare ya ninka ruwa nauyi sau 19, yashin da yake kwance a ciki bai kai sau 3 ba, baƙin rairayin da ke binsa a wanki kuma kusan sau 5. Shi ya sa yake nutsewa ya ratsa tsakuwa har ya zauna kan dutsen da ke shimfiɗe a ƙarƙashi, ya maƙale a tsagoginsa, ko ya taru a cikin kwanar kogi da bayan manyan duwatsu, inda gudun ruwa ke raguwa. Duk aikin yasa, daga farko har ƙarshe, shi ne a kai ga wannan siririn shimfiɗi na ƙasa, a bi da shi ta cikin ruwa mai gudu daidai gwargwado, mai nauyi ya zauna, marar nauyi ya wuce. Wanda ya fahimci wannan ya san cewa yawancin ɓarnar da ake gani ba dole ba ce. Ta rashin sani ce da gaggawa.

Ƙaramin injin tsotso abu ne mai sauƙi. Inji yana juya famfo, famfon yana tunkuɗa ruwa da ƙarfi ta wata matsattsiyar ƙofa zuwa cikin babban tiyo, wannan gudun shi ke jawo yashi da tsakuwa daga bakin tiyon zuwa sama. Tsakuwar ba ta bi ta cikin famfon, don haka ba ya saurin cinyewa. A saman ganguna akwai doguwar magudana da aka shimfiɗa wa kafet da 'yan sandunan ƙarfe a gicciye, nan zinaren ke zama. Abin da ya raba injin da kogi zai iya jurewa da wanda zai kashe shi shi ne faɗin bakin tiyo da ƙarfin inji, kuma lissafin a fili yake: idan aka ninka faɗin tiyo sau biyu, ƙofarsa ta ninku sau huɗu. Tiyo mai inci 8 ba ɗan'uwan mai inci 4 ba ne ko kusa. A jihar Idaho ta Amurka, izinin bai-ɗaya da aka fitar wa ƙananan injuna a 2013 ya tsaya kan bakin tiyo da bai wuce inci 5 ba da injin da bai wuce ƙarfin doki 15 ba. Ba ina cewa ku kwafi waɗannan alƙaluma ido rufe ba, domin rafi ƙarami da babban kogi ba ɗaya ba ne. Abin koyi shi ne salon ƙa'idar. Jami'in da ke riƙe da tef ɗin awo zai tabbatar da ita cikin minti ɗaya, babu jayayya, kuma ƙofar cin hanci ta ƙuntata. Dokar da ta ce kawai "kada a gurɓata muhalli" ba ta gaya wa mai inji abin da zai yi ba, ba ta kuma ba jami'i abin da zai auna ba.

Kada a ɗauka ina cewa ƙaramin inji ba ya ɓarna. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta dakatar da shi a 2009, bayan al'ummar Karuk, 'yan asalin yankin, ta kai ƙara saboda kifin salmon na kogin Klamath, jihar Oregon kuma ta hana shi a muhimman wuraren hayayyafar wannan kifi da dokar 2017. Dalilansu na gaske ne. Tiyo yana tsotse ƙwan kifi da ƙananan halittun da kifi ke ci. Tsibin tsakuwar da inji ya zubar yana yaudarar kifi ya yi ƙwai a kai, ambaliya ta zo ta share. Kuma a kogunan da aka zuba wa zaiba, wato ruwan ƙarfe mai guba da masu haƙa ke kama zinare da shi, tun zamanin tururuwar neman zinare, yasa tana tono tsohuwar zaibar ta watsa ta. Darasin da na ɗauka shi ne akwai ruwan da bai kamata a taɓa ba sam, akwai kuma lokacin da bai kamata a shiga ba. Zan dawo kan wannan.

Inda na fi so ku sa ƙarfinku shi ne magudanar wanki, domin nan ne amfanin mai haƙa da amfanin kogi suka haɗu. A wajajen 1989 da 1990, wani injiniya mai suna Randy Clarkson ya yi gwaji a ma'adinan Klondike da ke yankin Yukon na Kanada. Ya riƙa jefa ƙwayoyin zinare da aka yi wa alamar da na'ura ke iya ganowa cikin kayan da ake wankewa, sannan ya bi ya ga nawa suka zauna, nawa suka bi ruwa. Sakamakon ya nuna cewa masu tace tsakuwa da rariya kafin ta shiga magudana asararsu kaɗan ce, masu zuba komai haɗe da manyan duwatsu kuwa suna zubar da kaso mai tsoka na zinarensu ba su sani ba. Dalilin bai da wuyar ganewa. Kafin ruwa ya iya tura dutse mai girman dunƙulen hannu, sai an ƙara masa gudu ko an ƙara wa magudana gangara, gudun da zai tura wannan dutse kuwa zai ɗauke laushin zinare ya tafi da shi. Idan aka sa rariyar ƙarfe a kai, manyan duwatsu suka zame gefe, sai a rage ruwa, a rage gangara, zinaren ya sami damar zama. Rariya guda ta ƙarfe mai huji, ke nan, tana iya fin ƙarin inji amfani.

Sauran ƙa'idojin magudana ma haka suke, ilimi suke buƙata fiye da kuɗi. Gangara mai kimanin digiri 10 zuwa 15 ita aka fi amfani da ita, ana kuma gyara ta gwargwadon laushin kayan. Ruwa ya bazu daidai a faɗin magudanar, kada ya taru gefe guda. A riƙa ciyar da ita a hankali ba tare da tsinkewa ba, kada a jibga mata kaya lokaci ɗaya sannan a bar ta da ruwa zalla yana wanke abin da ta kama. Bayan kowace sandar ƙarfe ya kamata a ga yashi yana juyawa yana motsi. Idan ya daskare ya cika ramin, magudanar ta daina aiki, zinare kawai yake bi ta sama yana wucewa, don haka a riƙa cire kafet ana wankewa akai-akai, musamman ta can sama inda mafi yawan zinaren ke zama. Yumɓu kuwa ɓarawo ne: dunƙulensa yana birgima cikin magudana yana liƙe zinaren da ya riga ya zauna, dole a narkar da shi tun kafin ya shigo, ko da a cikin ganga mai huji da ake juyawa da hannu. Ya kamata kuma a gaya wa masu haƙa gaskiya, cewa zinare mai laushin gari, wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, yana wa magudana wuyar kamawa. Maganinsa magudana ta biyu ce, mai faɗi, mai siririn ruwa a hankali da kafet mai laushi, wadda za ta karɓi abin da ta farko ta bari.

Me ya haɗa wannan da muhalli? Mutumin da yake kama mafi yawan zinaren da ya tono ba ya buƙatar ya juya tsakuwa ninki biyu kafin ya fitar da kuɗin mai da na ma'aikata. Ba kuma za a dawo a sake tono wurin da ya bari don neman abin da ya zubar ba. Sannan, mafi muhimmanci, ba ya jin dole ya zuba zaiba.

Kun san batun zaiba fiye da ni. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna cewa ƙananan masu haƙar zinare ne kan gaba wajen sakin zaiba cikin iska, da kusan kashi 38 cikin ɗari na abin da ɗan'adam ke saki. Abin da ya sa ta fi muni a aikin kogi shi ne kai tsaye take faɗawa ruwa. A cikin taɓon gindin ruwa ƙwayoyin halitta suna mai da ita wani nau'i mai shiga jikin kifi, ƙaramin kifi ya ɗauka, babba ya cinye shi, ta yi ta taruwa har ta iso ga mace mai ciki da ba ta taɓa ganin injin yasa ba. Ta cin kifi cutar gubar zaiba ta kama mutanen garin Minamata na Japan, inda aka tabbatar da ita a 1956, kuma sunan garin aka sa wa yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan zaiba da aka sa wa hannu a 2013, ta fara aiki ranar 16 ga Agustan 2017. Yarjejeniyar ta lissafa munanan ayyuka huɗu da ake son kawarwa: zuba zaiba cikin ɗanyen kaya gaba ɗaya, ƙona curin zaiba da zinare a fili, ƙona shi a cikin unguwa, da zuba sayanaid, sinadari mai guba da ke narkar da zinare, kan ragowar kayan da ke da zaiba ba tare da an cire ta ba.

A zinaren kogi, barin zaiba ya fi sauƙi fiye da ko'ina, tunda zinaren a 'yance yake. Abin da aka kakkaɓo daga kafet sai a sake tace shi da ƙananan rariya gwargwadon girma, a wanke kowane kashi daban a tasa. Idan ya bushe, maganaɗisu da aka naɗe a leda zai ɗauke yawancin baƙin rairayi. Ɗan abin da ya rage, idan zinaren ya yi yawa a ciki, ana haɗa shi da wani farin sinadari da ake kira boraks a narkar a ƙaramar tukunyar narka ƙarfe. Zinare yana narkewa a digiri 1,064, boraks ɗin yana tattara dattin ya taso sama, zinaren ya dunƙule a ƙasa. Masu haƙa a lardin Benguet na Filifin sun daɗe suna wannan. Sharaɗinsa shi ne kayan ya zama kaɗan kuma tatacce sosai, wanda bai iya wanki da kyau ba ba zai ci riba da shi ba, shi ya sa koyar da wanki ya zo gaba da komai. Teburin girgiza, na'urar da ke raba zinare da yashi ta hanyar girgiza da ruwa, yana ƙara tacewa ƙwarai, amma ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A nan ne hukuma ko ƙungiyar masu haƙa za ta iya kafa guda ɗaya a wuri mai tsaro, kowa ya kawo tataccen kayansa, a yi a gabansa. Wanda bai riga ya bar zaiba ba, a tilasta masa abu biyu kafin ya bari: kada ta taɓa magudana ko ruwan kogi, kuma ƙonawa ta kasance cikin rufaffiyar tukunya mai bututu da ke sanyaya hayaƙin ya koma ruwan zaiba, nesa da gidaje. Wannan mataki ne na wucin gadi, a sa masa wa'adi.

Yanzu ga abin da na ɗauka shi ne gundarin maganar. Hanya mafi ƙarancin ɓarna ta yasar zinare ita ce a fitar da injin daga cikin kogi mai gudu. Kogi ba ya zama wuri ɗaya, cikin dubban shekaru ya sha sauya hanya, kuma tsofaffin hanyoyinsa suna nan binne ƙarƙashin fadama da tudun gefensa, da zinarensu. A can nesa da gaɓa ana iya kwashe ƙasar sama a tara ta gefe guda, a haƙa kududdufi, ruwan ƙasa ya cika shi, a ɗora injin a ciki. Yana cin gabansa, yana zubar da wankakkiyar tsakuwa a bayansa, kududdufin yana tafiya tare da shi. Ramin da ke buɗe a kowane lokaci bai wuce girman kududdufin ba. Bayan an wuce, a baje tsakuwar, manya a ƙasa, laushi a sama, a mayar da ƙasar saman da aka ajiye. A gaɓar yammacin tsibirin kudu na Niyu Zilan ana wannan salo da na'urorin wanki masu shawagi a kududdufi, kuma akwai filayen da aka gama haƙa aka mai da su makiyaya. Su da manyan motocin haƙa suke yi, amma tsarin bai dogara da girman mota ba. Abin da ya dogara da shi shi ne tara ƙasar sama daban tun ranar farko. Idan ta cakuɗe da tsakuwa, an yi asarar ta.

Ruwan wanki kuma kada ya koma kogi kai tsaye. Yashi mai laushi yana kwanciya a zurfin mita ɗaya cikin 'yan mintuna, laka tana ɗaukar sa'o'i, yumɓu mai laushin gaske kuwa sai ya yi kwanaki yana yawo cikin ruwa. Saboda haka tafki ɗaya bai isa ba. Ana jera biyu ko uku, ruwa yana malala daga saman wannan zuwa wancan a hankali, daga na ƙarshe famfo ya sake ja zuwa magudana. Ruwa ɗaya ake ta juyawa, abin da ake ɗiba daga waje ɗan ciko ne kawai. Kuɗinsa shebur ne da gumi, da kuma yashe tafkunan idan sun cika. Batun laka ba sabo ba ne a gaban hukuma: tun a 1884 alƙali Lorenzo Sawyer ya hana kamfanonin da ke rusa tsaunuka da ƙarfin ruwa a Kalifoniya zubar da ɓaraguzansu a koguna, saboda gonakin da suke binnewa a ƙasa. Haƙƙin na ƙasan ruwa a kan na samansa tsohon haƙƙi ne.

Akwai ɓarnar da ake yi tun kafin a sami ko ƙwayar zinare, wato tono a wurin da babu komai. Jita-jita ta tashi, mutane su kwararo, a juye wuri, a tarar ba riba, a bar ramuka. A yawancin wurare zinaren da ke cikin mita ɗaya ta kowace fuska ta tsakuwa bai kai giram ɗaya ba, kuma ba a shimfiɗe yake daidai ba, zara-zara yake bi. Gwaji kafin aiki shi ne magani: ƙananan ramuka a jere, ko bututun haƙa na hannu irin na Banka, wanda aka ƙirƙiro a tsibirin Bangka na Indunusiya a tsakiyar ƙarni na 19 don neman kuza, mutane kaɗan ke juya shi ba tare da inji ba. A auna yawan kayan da aka ciro, a wanke, a auna zinaren, a rubuta. Hukumomin binciken ƙasa da ke ƙarƙashinku suna da taswirori da rahotannin tsofaffin kamfanoni a ajiye. Ku fito da su cikin harshen da masu haƙa ke ji. Duk wurin da gwaji ya nuna babu riba, wuri ne da aka tsirar ba tare da an tura ko jami'i ɗaya ba.

Ina roƙon kada ku manta da mai nutso, domin shi ne ke riƙe bakin tiyo a ƙarƙashin ruwan da ba ya ganin tafin hannunsa. Iskar da yake shaƙa daga kwamfiresa take zuwa, idan kuwa mashigar iskar tana kusa da salansar inji, hayaƙi mai guba marar wari zai bi tiyo ya sumar da shi a ƙasa. Nisanta mashigar da ɗaga ta sama ta ɓangaren da iska ke busowa, da amfani da kwamfiresar da ba ta sa mai cikin iska, ba su da tsada. Sai kuma ramin da yake ci: idan ya yi zurfi bangonsa a tsaye, ko ya rarake ƙarƙashin dutse ko gaɓa, zai rufto masa. Dole a sami mutum a sama wanda ba shi da wani aiki sai lura da shi, da igiyar ba da alama. Yara kuwa ba su da gurbi a wannan aiki ko kaɗan. Waɗannan su shiga sharuɗɗan lasisi kamar yadda faɗin tiyo zai shiga.

Inda kuka ga dole a bar yasa cikin kogin kansa, to a ɗaure ta tamau. Kusa da mashigar matatar ruwan sha, wuraren hayayyafar kifi, gandun da aka keɓe, gindin gada, da kogin da aka san an taɓa zuba masa zaiba, waɗannan a rufe su ɗungurungum, a sa su a taswirar da kowa zai gani. Sauran wuraren a buɗe su a watannin da kifi ba ya ƙwai kawai, kuma masunta ne za su fi kowa gaya muku watannin. Kada a ci gaɓa, kada a sare itatuwan da ke riƙe da ita, kada a karkatar da ruwa. A mayar da duwatsu cikin ramin kafin a matsa gaba. Man inji ya zauna cikin abin da zai tare shi idan ya zube. Dagulewar ruwa kuma a auna ta sama da wurin aiki da ƙasa da shi, da dogon bututu mai haske wanda aka yi wa alama a gindi: ana zuba ruwa har alamar ta ɓace, a karanta tsayin. Mai unguwa, masunci ko malamin makaranta duk za su iya, kuma ya kamata a karɓi awonsu a matsayin ƙorafin da dole a bincika.

Na san abin da wasunku za su ce, cewa da zarar an buɗe wa ƙanana ƙofa, manya za su shigo da rigarsu, kuma ƙananan injuna ɗari a wuri ɗaya sun kai babba guda ɓarna. Wannan tsoro yana kan hanya, ban kuma ɗauke shi da wasa ba. Amsarsa ita ce a ƙayyade yawan injuna a kowace kilomita da tazarar da ke tsakaninsu, a rubuta wa kowane inji lamba babba da ake gani daga gaɓa, a kuma ɗora wa ƙungiyar masu haƙa ta yankin alhakin mambobinta, ta yadda wanda ya karya ƙa'ida yana jefa izinin 'yan'uwansa cikin haɗari. Mai lasisi da ya zuba guminsa wajen haƙa tafkuna shi ne zai fara kawo ƙarar wanda ya zo da ƙaton inji ya ɓata masa ruwa. A halin da ake ciki kuwa, tunda kowa mai laifi ne, babu mai tona wani. Sannan ƙaton inji ba talaka ke sayensa ba. Akwai mai zuba jari, akwai mai kawo mai, akwai mai shigo da zaiba, akwai mai sayen zinaren. Ƙona ganguna a bar waɗannan, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Lasisin ma kansa sai ya zama abin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya kaiwa gare shi. Idan samunsa yana buƙatar doguwar tafiya zuwa babban birni, da rahoton ƙwararru irin wanda ake nema daga babban kamfani, da jiran watanni, to an rubuta shi ne don kada a samu. A bayar da shi a ofishin da ke kusa, da takarda gajeriya, cikin wa'adin da aka sani. A karɓi ɗan kuɗin ajiya da za a mayar wa mutum idan ya cike raminsa ya mayar da ƙasar sama. A buɗe wurin sayen zinare na halal da ke biyan farashi mai kyau, domin yawancin masu haƙa bashin mai sayen zinarensu ne ke ɗaure su, kuma sau da yawa shi ne mai kawo musu zaibar. Shirin planetGOLD da asusun muhalli na duniya ke ɗaukar nauyinsa yana aiki kan samar da jari da kasuwa ga masu barin zaiba a ƙasashe da dama, kuna iya neman haɗin kai da shi.

Yarjejeniyar Minamata ta wajabta wa ƙasar da wannan sana'a ta yi yawa a cikinta ta rubuta tsarin aikinta na ƙasa, ta kuma riƙa bitarsa duk shekara uku. Ina roƙon a bita mai zuwa ku sa babi na musamman kan yasar zinaren kogi, da iyakar faɗin tiyo da ƙarfin inji, da taswirar wuraren da aka rufe, da fifita aikin kududdufi a kan na cikin kogi. Kafin nan kuma, ku zaɓi yanki guda, ku kafa wurin gwaji da ke da rariya, magudana biyu, tafkuna uku da wurin narkarwa, ku gayyaci masu haƙa su kawo kayansu a wanke rabi da hanyarsu, rabi da wannan, a auna zinaren a gabansu a kan sikeli ɗaya. Ku gayyaci masunta da jami'an ruwan sha su auna ruwan a ranar, a kuma wallafa sakamakon duk yadda ya fito.

Ku huta lafiya.

Naku,
Mai bibiyar lamarin ƙananan masu haƙar zinare da lafiyar koguna